Goɗiyar da ta ƙi ɗaukar ciki: me ke faruwa a mahaifarta?

Jama'a, ranar hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau ido yana kan ingarmu ne. Ba mai tuna goɗiyar da ta haife su, tana can ɗaure a turke a ƙauye. To yau ita za mu duba.

An kai ta barbara, bayan kwana 21 ta sake neman namiji. An sake kaiwa, haka. Sai mai ita ya ce ai juya ce, ya fara tunanin kasuwa. Sau da yawa kuwa ba juya ba ce, ƙwayoyin bakteriya ne suka zauna mata a mahaifa.

Ga yadda abin yake. Duk barbarar da aka yi, datti yana shiga tare da maniyyi. Lafiyayyar goɗiya takan matse mahaifarta ta fitar da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Dole ta yi sauri, domin ɗan tayin yana saukowa mahaifa wajen kwana na 6 bayan fitar ƙwai. In ya tarar da ruwa ya taru da kumburi, ba zai zauna ba.

Ƙwayar da aka fi kamawa da laifi ita ce Sitireftokokus, nau'in da ke zaune a jikin doki da ma can, a fata da bakin al'aura. Ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce da ta samu ƙofa a buɗe. Tana iya lafewa cikin bangon mahaifa shiru, har gwaji ya wuce ta. Mai bi mata ita ce Ikolai, daga kashi. Ku ɗaga wutsiyar tsohuwar goɗiya ramammiya wadda ta sha haihuwa: dubura ta lotsa ciki, al'aura ta kwanto, kashi yana zuba a kai, in tana gudu har iska take zuƙa. Irin wannan goɗiya, likita kan ɗinke mata saman al'aurar, a warware kafin haihuwa.

Sai waɗanda ingarma ke rabawa, Kilebsiyela da Sudomonas. Akwai kuma Tailorela, wadda aka fara ganewa a Ingila a 1977. Ingarma yana ɗauke da ita ƙalau, ba ciwo ba alama, goɗiya ce za ta fara zubar da ruwa mai kama da mugunya kwanaki kaɗan bayan barbara. Yanzu ku tuna yadda muke yi: doki ɗaya mai kyau a unguwa, kowa ya jawo tasa. Zumunci ne, ban musa ba, amma ba mai tambayar wace goɗiya ya hau jiya.

Inda nake da ƙorafi shi ne allurar kirdado. An ga ruwa a wutsiya, an sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa, an zurma. Maganin da ke kashe Sitireftokokus ba lallai ya taɓa Sudomonas ba, ita da ke lulluɓe kanta da yauƙi. Yawan zuba magani a mahaifa ma yana buɗe wa cutar fangas, dangin fumfuna, hanya. Mu nan Zariya ba mu da uzuri, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Likita zai shafo cikin mahaifa da tsinke mai auduga, a shuka a ɗakin gwaji, a ga wace ƙwaya ce da maganin da take ji. Sau da yawa sai an wanke mahaifar da ruwan gishiri na asibiti, a yi allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta matse, ta fitar da sauran.

Ko ciki ya shiga, wata 11 ne a gaba. In hantsa ta cika tun lokaci bai yi ba, ko ruwa ya fara fita, mai yiwuwa ƙwayoyin sun haura sun kama mabiyiya, ɓari na iya biyowa. Bayan haihuwa kuma, in awa 3 ta wuce mabiyiya ba ta faɗo ba, kada a ja ta da hannu. A kira likita a lokacin, ko da tsakar dare ne.