Amsoshin Tambayoyinku: Wane littafin taswirar taurari zan saya?

Mai gabatarwa: Toh jama'a barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau saƙonni sun yi yawa lokaci kuma kaɗan ne, kuma kusan duk kan abu ɗaya suke, wato littafin taswirar taurari wanda ake ce wa atlas, na masu sha'awar kallon sama da dare. Muna tare da Malam, mai koyar da kimiyya ne kuma ya daɗe a wannan harka. Malam barka da zuwa.

Malam: Barka kadai Hajiya, ina yi wa masu sauraro sallama.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Gusau take. Yace shi yana da Stellarium, manhajar da ke nuna taurari, a waya kuma kyauta ne, to me zai sa ya kashe kuɗi a takarda?

Malam: Stellarium abu ne mai kyau, ni ma ina amfani da shi da rana in shirya abin da zan kalla. Amma ido sai ya yi minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya fara ganin ƙananan taurari, kana kunna waya hasken ya bugi idonka shikenan an koma farko. Littafi kuwa ka samu 'yar tocila ka ɗaure mata jar leda da kyauro, jan haske baya ɓata ido sosai, ka karanta abinka, ba ruwanka da caji ko an ɗauke wuta.

Mai gabatarwa: Madalla. Sai wani bawan Allah daga Damagaram, ransa a ɓace, yace ya duba littafin shafi-shafi babu Zara matar wata, anya ba jabu aka sayar masa ba?

Malam: Littafinsa lafiya lau. Zara duniya ce mai zagaya rana, ita ce Venus, ita ce kuma Gamzakin da ake gani da asuba, kullum tana canja wuri shi ya sa ba a buga ta a taswira, haka Mars haka Jupiter.

Mai gabatarwa: To ka ji, kar ka je ka tayar wa mai shago da hankali don Allah, ka yi haƙuri. Yanzu ga babbar, wannan ta zo daga Kano, ta zo daga Maraɗi, daga Kaduna har da wata malamar makaranta daga Kumasi. Duk tambayarsu ɗaya, littattafan suna da yawa, kuɗi kuma ba su da sauƙi don daga waje ake kawo su, wanne za su saya?

Malam: Yauwa. Kin san abin nan ya daɗe fa Hajiya, tun shekara ta 964 Abdurrahman Assufi ya rubuta littafin surorin taurari da Larabci, a ciki har ya ambaci wani ɗan gajimare a sama wanda yanzu muka san tarin taurarin Andromeda ne, shi ya sa in kin buɗe waɗannan littattafan na Turawa za ki ga sunaye irin su Aldebaran da Rigel da Deneb, duk Larabci ne, sai a 1603 wani Bajamushe Johann Bayer ya fitar da nasa ya riƙa sa wa taurari haruffan Girkanci, har yau da su ake...

Mai gabatarwa: Allah gafarta Malam, malamar Kumasi kasuwa za ta je fa, tarihi sai wani makon. Wanne za ta saya?

Malam: To to, na dawo. Abu na farko da za a duba a jikin littafin shi ne lambar haske da ya tsaya a kai. Taurari an ba su lamba gwargwadon haskensu, in lambar ta yi ƙanƙanta tauraron ya fi haske, in ta yi girma ya fi dushewa, kuma tsakanin lamba da mai bi mata bambancin hasken ya kai kamar ninki biyu da rabi. Ido zalla a ƙauye inda babu fitilu yana kaiwa wajen lamba 6. A cikin birni irin Kano ga fitilu ga hazo, in ka samu 4 ka gode Allah. Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa, yana kai ka wajen 8 zuwa 9. To ka sayi littafin da ya yi daidai da abin da kake kallo da shi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu rubutawa. Ido zalla lamba 6, madubi mai ido biyu 8 zuwa 9. Ci gaba Malam.

Malam: Mai ido zalla, ko wanda zai koya wa yara, Cambridge Star Atlas ya ishe shi, na Wil Tirion ɗan ƙasar Holand, ya tsaya a 6.5. Akwai kuma Norton's Star Atlas, tsoho ne tun 1910 aka fara buga shi a Birtaniya, shi ma kusan nan ya tsaya kuma yana da bayanai masu yawa. Mai madubi ko ƙaramin teliskof kuwa, ni dai ra'ayina Pocket Sky Atlas na Roger Sinnott da ya fito a 2006, shafin taswira 80, taurari sama da 30,000 har zuwa lamba 7.6, girmansa bai wuce littafin rubutun 'yan makaranta da yawa ba kuma da zoben waya aka ɗaure shi, kina naɗe shi ki riƙe da hannu ɗaya ɗayan hannun na riƙe da madubi, iska bata rufe miki shafi. Wallahi in mutum guda ɗaya zai iya saye a rayuwarsa wannan nake ce masa ya saya.

Mai gabatarwa: Amma na Kaduna yace shi Uranometria aka yaba masa, wai ya fi kowanne.

Malam: An faɗa masa gaskiya amma ba nasa bane yanzu. Uranometria 2000.0 taurarinsa sun haura 280,000, akwai ma Millennium Star Atlas na 1997, juzu'i uku, taurari sama da miliyan ɗaya. Waɗannan na masu manyan teliskof ne da suka riga suka san sama. Kowane shafi ɗan yanki ƙanƙani yake nunawa, sabon shiga ya buɗe ya ga ɗige-ɗige ko'ina ya rasa ina yake. Kamar mutum ne ya tambayi hanyar Katsina zuwa Kano a miƙa masa taswirar lungunan Kurmi. Na sha ganin wanda ya sayi irin wannan ya ajiye a kabad ya daina kallon saman gaba ɗaya, abin yana min ciwo. In ka gama da ƙaramin ka ji ya yi maka kaɗan, sai ka tafi Sky Atlas 2000.0, manyan shafuka 26, bugu na biyu na 1998 yana da taurari sama da 81,000 zuwa lamba 8.5. Yana zuwa iri-iri, akwai mai fararen taurari a baƙar takarda akwai mai baƙaƙe a fara, ni na fi son farar don ina rubutu a kai da fensir, amma wasu sun ce baƙar ta fi sauƙi ga ido da dare, kowa da nasa.

Mai gabatarwa: To a sake ji. Ido zalla ko koyar da yara, Cambridge ko Norton's. Madubi ko ƙaramin teliskof, Pocket Sky Atlas. Uranometria a bari sai an ƙware. Na Kaduna ka ji ko, a riƙa bin abu sannu a hankali. Sai wannan daga Sakkwato, yace yayansa ya aiko masa da faifan taurari mai juyawa daga Landan amma sam baya dacewa da abin da yake gani.

Malam: Ba zai dace ba kam. Littafin atlas duk sama yake ɗauka, ko ina kake a duniya zai yi maka aiki, amma shi faifan nan ana yanka shi ne don yanki guda. Landan tana wajen digiri 51 arewa, Sakkwato 13, Kano 12. Tauraron arewa a Landan can sama yake, a nan kuwa miƙa hannunka ka dunƙule, dunƙulen nan kamar digiri 10 ne, to kaɗan ya ɗara haka daga ƙasa. Kuma mu muna ganin abin da su basa gani, Suhailu wanda suke ce wa Canopus yana fitowa ta kudu da daddare a watan Janairu da Fabrairu, ga Crux mai siffar gicciye wajen Afrilu zuwa Yuni. Ya duba jikin faifan akwai lambar digiri, ya nemi wanda aka yi don wajen 10 zuwa 20 arewa.

Mai gabatarwa: Lokaci na harararmu Malam, a gajarce. Daga Yamai, wai gabas da yamma a juye suke a littafinta.

Malam: Haka ake yin su, ta ɗaga littafin sama da kanta ta sa arewarsa ta kalli arewa, za ta ga komai ya zauna.

Mai gabatarwa: Daga Zariya, ya ga an rubuta 2000.0, ko littafin ya tsufa?

Malam: Bai tsufa ba. Lambar nan tana nufin an tsara matsayin taurarin ne da ma'aunin shekarar 2000, kuma ma'aunin yana gocewa kamar digiri ɗaya ne a shekara 72, ido ba zai lura ba, ko na hannu ya samu mai araha ya saya, ya dai duba ba shafin da ya ɓace.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga wani manomi a Daura, akwai mai sunayen Hausa?

Malam: Waɗannan da na lissafa duk babu, amma ya rubuta da kansa a gefe. Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya ta masu lissafin damina, zai same ta da sunan Pleiades ko M45 a rukunin Taurus, kusa da ita ga Dabaran, shi ne Aldebaran mai ja-ja ɗin nan. Sauran ya tambayi dattawan garinsu su nuna masa da hannu, ya riƙa cikawa.

Mai gabatarwa: Mun gode Malam. Masu tambaya kan farashin teliskof ku yi haƙuri sai mako mai zuwa, kuma don Allah a riƙa rubuta garin da ake, yau saƙo da yawa sun zo babu.