Shekarun da almakashin tacewa bai yi kaifi ba a Hollywood

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Ya gida, ya iyali, ya ƙoƙari? Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a bakin titi nake a Burbank, wani gari da ke manne da Los Angeles a jihar Kalifoniya. Bari in juya kyamara. Kun ga tankin ruwan can mai tambarin WB? To, nan ne harabar kamfanin Warner Bros. Waɗancan dogayen gine-ginen marasa taga, a cikinsu ake ɗaukar fim, an toshe su ne ta ko'ina don kada hayaniyar waje ta shiga naɗin murya.

Wannan kamfani ne ya fitar da The Jazz Singer a 1927. Mafi yawan fim ɗin ma na bebaye ne, rubutu ake sa wa a allo, amma a wasu wurare sai ka ji jarumin, Al Jolson, ya buɗe baki yana waƙa yana magana. Cikin shekara uku kusan duk masana'antar ta koma fim mai magana. Da fim ya fara magana kuwa, sai rigima ta tashi kan abin da ya halatta ya faɗa.

Da ma akwai masu tacewa. Tun 1915 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa fim kasuwanci ne kawai, ba ya cikin 'yancin faɗin albarkacin baki, don haka jihohi irin su New York da Ohio da Kansas da Fensilbaniya kowacce tana da hukumarta da almakashinta. A 1921 aka gurfanar da wani babban ɗan barkwanci, Roscoe Arbuckle, kan mutuwar wata 'yar fim. Daga baya kotu ta wanke shi, amma sunan Hollywood ya riga ya ɓaci. Masu kamfanoni suka tsorata kada gwamnatin tarayya ta shigo musu, sai suka ɗauko Will Hays, tsohon shugaban hukumar gidan waya, suka ɗora shi a kan ƙungiyarsu a 1922 don ya wanke musu fuska. A watan Maris na 1930 suka amince da cikakkiyar doka wadda wani limamin Katolika, Daniel Lord, da wani mai buga mujallar harkar fim, Martin Quigley, suka rubuta. Ba tsiraici, ba ashariya, ba ba'a ga limaman addini, ba soyayya tsakanin baƙi da farare, kada a sa mai kallo ya tausaya wa mai laifi, kada a zubar da mutuncin tsarin kotunan ƙasa.

Duk sun sa hannu, amma doka ce a takarda. Ofishin da aka ɗora wa aikin shawara kawai yake bayarwa, in furodusa ya ƙi ji sai ya ɗaukaka ƙara gaban 'yan uwansa furodusoshi, su kuma su mara masa baya. Ga shi tattalin arziki ya rushe tun Oktoban 1929. Zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki, gidajen sinima na rufewa, manyan kamfanoni irin su Paramount da RKO sun faɗa hannun masu bin bashi. Wanda ke neman abin da zai ci, ba ka raba shi da kuɗin tikiti sai da abin da zai girgiza shi. Daga 1930 zuwa tsakiyar 1934 kenan, su ne shekarun da nake so mu yi magana a kai yau.

Zan daɗe a kan fim ɗaya, Baby Face na 1933, saboda shi muna da kwafi biyu, wanda aka fara haɗawa da wanda aka yanke, kuma na zauna na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Barbara Stanwyck ce ta fito a matsayin Lily, 'yar wani mai haramtacciyar mashaya a garin Erie, lokacin da aka hana sayar da giya a Amurka. Tagar gidansu in ta buɗe ba abin da take gani sai hayaƙin masana'antu. Ubanta, uban da ya haife ta, shi ke tura ta ga mazan da ke zuwa shan giya, kuma da bakinta take gaya masa cewa tun tana 'yar shekara 14 yake mata haka. Wallahi wurin nan sai da na tsayar da fim ɗin na ɗan zauna. Da uban ya mutu a gobarar tukunyar dafa giyarsa, wani tsohon shumeka mai karanta littattafan Nietzsche, wani masanin falsafa ɗan Jamus, ya ba ta shawara: ta tafi babban birni, ta yi amfani da maza kafin su yi amfani da ita. Ta hau taragon kaya ta sauka New York, ta sami aiki a banki. Daga nan sai kyamara ta riƙa fita waje tana hawa jikin benen bankin, daga taga zuwa taga, kowane hawa da sunan sashensa. Duk hawan da ta ƙara, akwai namijin da ta taka. Ba a nuna maka komai ƙuru-ƙuru ba, amma ba yaron da zai kasa ganewa.

Hukumar tacewa ta New York ta ƙi shi. Sai Warner suka koma suka cire wurin da ta sayi shirun ma'aikacin jirgin ƙasa da jikinta, suka sake naɗa muryar shumekan ya koma mai wa'azi yana cewa akwai hanya mai kyau akwai mummuna, suka kuma liƙa sabon ƙarshe. A na asali, labarin ya ƙare a cikin motar asibiti, mijinta kwance da harbin da ya yi wa kansa, akwatin dukiyarta ya zube a ƙasa ita kuma ko kallonsa ba ta yi ba. A na biyun sai aka ƙara cewa sun rasa komai, sun koma Pittsburgh yana aikin ƙarfe, kuma wai suna cikin farin ciki.

Ni Musulmi ne, kuma shawarar shumekan nan shawarar banza ce, ba zan so 'yata ta ji ta ba. Wannan ba na jayayya a kai. Abin da ya dame ni shi ne inda hukuncin ya sauka. Yarinyar da aka sayar tana 'yar 14, ita aka mayar cikin irin hayaƙin da ta gudo daga gare shi don a nuna wa masu kallo cewa an yi adalci. Manyan bankin da suka riƙa saye ta da kuɗi da gidaje kuwa, ba wanda ya ce a ƙara musu komai. An bar jaki ana dukan taiki. Kwafin asalin ya ɓace shekara kusan 70, sai a 2004 aka gano shi a rumbun fina-finai na ɗakin karatun Majalisar Dokokin Amurka, aka nuna shi a bikin fina-finai na Landan a shekarar ta 2004.

Akwai wani abu a fim ɗin da ya taɓa ni. Ƙawar Lily, Chico, baƙar fata ce, Theresa Harris ce ta fito a matsayinta. Da uban ya kore ta, Lily ta ce in Chico ta tafi ita ma tafiya za ta yi. Tare suka hau tarago, tare suka sha yunwa a New York. Gaskiya ne daga baya 'yar aiki ta koma mata, har da rigar 'yan aiki, amma duk attajirin da ya ce a sallame ta sai Lily ta ƙi. A Amurkar 1933, inda a jihohin kudu baƙi da farare ba sa zama wuri ɗaya a sinima, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mutane in sun ji labarin wannan zamani, abin da suka fi tunawa shi ne Mae West da maganganunta masu harshen damo, da Jean Harlow, da fina-finan 'yan daba, Little Caesar da The Public Enemy na 1931 da Scarface na 1932. Suna nan, kuma wasu fina-finan lokacin batsa ce kawai don neman kuɗi, ba sai na ɓata muku lokaci a kansu ba.

Wanda ba na so a manta shi ne I Am a Fugitive from a Chain Gang na 1932, shi ma na Warner. Paul Muni ya fito a matsayin tsohon sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya dawo ya rasa aiki. Ya kai lambar yabonsa shagon jingina, mai shagon ya nuna masa akwati cike da irinta, na wasu sojojin da suka riga shi zuwa. Wani ya tilasta shi cikin fashin da bai shirya ba, aka yanke masa shekara 10 na gwale-gwale, mari a ƙafa, bulala da dare. Ya gudu, ya zama injiniya mai mutunci a Shikago. Da asirinsa ya tonu, hukuma ta yi masa alkawarin afuwa bayan kwana 90 in ya dawo da ƙafarsa. Ya dawo, aka saɓa alkawari. Ya sake gudu. A ƙarshe ya haɗu da budurwarsa cikin dare, ta tambaye shi da me yake rayuwa, yana ja da baya cikin duhu ya ce sata yake yi. Nan fim ya ƙare. Labarin gaske ne na wani Robert Elliott Burns da ya tsere daga hannun jihar Jojiya. Bayan fim ɗin ya fito aka kama shi a New Jersey, gwamnan jihar ya ƙi miƙa shi, sai a 1945 Jojiya ta sassauta masa hukunci. Haka Wild Boys of the Road na 1933, yara matasa da suka bar gida don iyayensu ba su da abin ciyar da su, suna bin jiragen kaya, har jirgi ya take ƙafar ɗayansu.

Kada kuma a ɗauka zamanin adalci ne. Ku kalli Tarzan and His Mate na 1934, ku da kuke 'yan Afirka kamar ni. Ana dukan 'yan dako baƙaƙe da bulala, kuma akwai inda Bature ya harbe ɗaya daga cikinsu don ya ƙi ci gaba da tafiya. Masu tacewa sun tayar da jijiyar wuya a kan fim ɗin, amma a kan wurin ninƙaya tsirara ne, shi aka cire. Harbin ɗan dako ya wuce lafiya lau, ba wanda ya ga abin kunya a ciki.

A 1934 cocin Katolika ya ja ɗamara. Bishop-bishop suka kafa ƙungiyar Legion of Decency, miliyoyin mabiya suka yi alkawarin ƙaurace wa fina-finan banza, a Filadalfiya ma Kadinal Dougherty ya hana mabiyansa shiga sinima gaba ɗaya. Kamfanonin da ke fama da bashi ba za su iya jure wannan ba. Aka kafa sabon ofishi ƙarƙashin Joseph Breen, kuma daga 1 ga Yulin 1934 ba fim ɗin da zai fita sai da takardar shaidarsa, wanda ya saɓa tarar dala 25,000. Tun daga rubutaccen labari ake fara duba shi, kafin a kunna kyamara. Da yake manyan kamfanonin su ke da manyan gidajen sinima na birane, fim ɗin da ba shi da takarda ba shi da inda za a nuna shi. Tsofaffin fina-finan kuma, wasu aka hana sake fito da su, wasu aka yanke su, akwai ma waɗanda abin da aka yanke bai sake dawowa ba. An ci gaba da yin manyan fina-finai bayan haka, har da The Grapes of Wrath na 1940 da ya yi magana kan talauci ba tsoro. Amma dole mai laifi ya ga sakayya kafin a tashi, kuma mace irin Lily ta daɗe ba ta sake samun bakin faɗin abin da aka yi mata ba. Sai 1952 Kotun Ƙoli ta janye hukuncin 1915, a 1968 kuma aka ajiye dokar aka koma tsarin rarraba fim bisa shekarun mai kallo.

Na san tun ɗazu wasunku Kano suke tunani, ni ma haka. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma duk mun tuna yadda aka ƙara matsawa a 2007 bayan abin kunyar bidiyon wata 'yar fim da ya bazu. Ina goyon bayan a kare tarbiyya, ba na son rawar banza da shigar banza a fim ɗin Hausa. Roƙona ga masu tacewa da marubutan Kannywood shi ne, in an zo kan labarin yarinyar da aka tura talla aka lalata ta, ko almajirin da ke kwana a tasha, ko wanda ya shekara biyar a gidan yari yana jiran shari'a, a bar shi ya fito da ɗacinsa, kada a tilasta masa ƙarshe mai daɗi don a kwantar wa manya da hankali.

Wanda zai nema, ya fara da na Paul Muni, shi za ka iya kallo da matasan gidanka ku tattauna. Baby Face na manya ne, kuma a nemi kwafin da aka gano a 2004, an fitar da shi a faifan DVD tare da wanda aka yanke. Ku rubuto min ra'ayinku, musamman ku 'yan fim na gida da kuka taɓa kai aiki gaban hukuma. Sai mun haɗu a na gaba, Allah Ya bar zumunci.