Daga Gonar Auduga Zuwa Bakin Kwarashi: Me Ya Hana Mu Yin Zaren Saƙa a Zariya?

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan ƙullin zare da kuke gani a hannuna, jiya na sayo shi a kasuwar Sabon Gari. Ulu muke ce masa. Da shi muke saƙa hular jariri da safa da rigar sanyi, wasu da kibiya, wasu da kwarashi. Bari in tsinki kaɗan in ƙyasta masa ashana. Ku duba da kyau. Ya ƙanƙance, yana narkewa, hayaƙinsa baƙi, ga shi ya dunƙule ya yi tauri kamar tsakuwa. Yanzu ga zaren auduga. Ya ci wuta kamar takarda, ya bar toka mai laushi, da na murza ta sai ta bi iska.

Wannan na farkon bai taɓa jikin tunkiya ba. Akirilik ne, dangin roba, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Wani yakan zo a ƙulle daga Sin ko Turkiyya, wani kuma ɗanyen kayan ake shigowa da shi a kaɗa a nan ƙasar. Shi ya sa duk ranar da dala ta motsa, mai saƙa a Tudun Wada sai ta ji a jikinta. Kuma duk wankin da aka yi wa rigar akirilik, wasu 'yan siraran zaruruwa da ido ba ya gani suna bin ruwan kumfa su tafi kwata, daga kwata su gangara kogin Kubanni. Ba sa ruɓewa.

Wani zai ce, to ga tumaki birjik a ƙasar nan, me zai hana mu yi ulu na gaske? Tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, waɗanda ake bincike a kansu a cibiyar dabbobi ta Shika, gashinsu gajere ne mai kaushi, irin na ƙasar zafi, ba ya kaɗuwa. Abin da Allah Ya hore mana auduga ce, kuma a wannan fanni Zazzau ba baƙuwa ba ce.

Kakata da mazari ta tsufa. Ina ƙarama nakan zauna kusa da ita tana gurza auduga a kan dutse da ɗan ƙarfen magurji, angurya na fita gefe guda. Ta ɗauki bakan shiɓa ta yi ta kaɗa tsirkiyar har audugar ta tashi kamar kumfa. Sannan ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari a cikin taskira, zare na fitowa daga hannunta kai ka ce a ciki yake tun asali. Siririn zare na masaƙa ne. Mai kaurin, mai sassauci, shi ne abawa. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Turawan Ingila sun kafa injin gurzar auduga a nan don ciyar da masaƙun ƙasarsu. Ba su sami yadda suke so ba a farko, domin masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature. A 1922 aka buɗe tashar binciken noma a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma har yau ita ce ke da alhakin inganta irin auduga a Najeriya. Irin da ake kira SAMCOT daga nan ya fito. Sai Kaduna ta ɗauka: masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata. Ƙarshen labarin mun san shi. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, har babbarsu, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL), ta rufe ƙofa a 2007.

Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da auduga, hankali kan tafi ga waɗancan manyan masaƙu. Ni a ganina zaren saƙa ba sai ya jira su ba. Su siririn zaren atamfa suke kaɗawa, aikin da ke buƙatar dubban mazarai da wutar da ba ta ƙiftawa. Zarenmu mai kauri ne, bai cika son dogon gashin auduga ba, kuma ƙaramin inji ya ishe shi. Ga manomi a Giwa da Soba da Funtuwa, ga mai saƙa a kowace unguwa, tsakaninsu ne babu kowa.

Na taɓa gwada cike wannan giɓi da kaina. Na sami abawa wajen wata tsohuwa a wani ƙauye, na zauna kwana huɗu na saƙa 'yar riga da kwarashi. Wanki ɗaya aka yi mata ta tsuke, ta karkace gefe guda kamar an ja ta da ƙugiya. Na ji zafin abin ƙwarai. Daga baya na gane inda matsalar take. Zare sili ɗaya yana ɗauke da murɗi, kullum yana neman ya warware, shi ne yake jan saƙa gefe. Zaren saƙa na ƙwarai sili biyu ne, ko uku, ko huɗu, a haɗa su a tufke ta ɓangaren da ya saɓa wa murɗin farko, sai ƙarfin nan ya kashe ƙarfin can, zare ya kwanta. Ku warware ulun da ke hannunku, za ku ga silin. Bayan tufka sai a dafa shi a ruwan zafi da sabulu, ya gama tsukewarsa tun kafin ya hau kwarashi, maiƙon da ke jikin auduga ya fita don ya sha rini. Daga nan a shanya, a naɗe ƙulli-ƙulli, giram 50 ko 100, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan daidaiton kaurin shi ne abin da hannu ke wahalar bayarwa, shi ne kuma dalilin da ya sa mai saƙa ke komawa ga na kanti.

To, dawo da aikin gida abu ne guda, yin sa ba tare da mun ɓata ƙasarmu ba wani abu ne daban. A gona muna da sa'a. Audugarmu ruwan sama take sha, a shuka da damina a tsince da kaka, ba kamar ƙasashen da suka janye koguna don ban-ruwan auduga har mafi yawan Tekun Aral ya ƙafe ba. Inda muke da aiki shi ne feshi. Tsutsar auduga tana sa manomi ya yi ta zuba magani, sau da yawa babu takunkumi babu safar hannu. Feshi bayan an duba gona an ga ƙwari, da juya shuka da waken suya ko gyaɗa, suna rage wannan. Kuma in ana son manomi ya koma ga auduga, sai ya san mai saye da farashi tun kafin ya shuka. In ka gurje auduga, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai farin gashi, sauran angurya ce, wadda ake samun mai da abincin dabbobi daga gare ta. Wannan kuɗin ma ya kamata ya tsaya kusa da gona.

Wuta kuwa, ƙaramin injin shiɓa da kaɗi da tufka zai iya aiki da rana a kan sola, lokacin da hasken ya fi ƙarfi, ba tare da tarin batir ba.

Rini shi ne inda na fi jin tsoro. Rinin zamani a kan auduga yana cin gishiri da soda da ruwa mai yawa, kuma duk wanda ya ratsa ta wurin masu rinin shadda ya ga launin kwatar. In za mu yi, to da ramin tace ruwa za a fara gini, kafin tukunya. Kuma muna da gado a nan. Marinar gargajiya baba da toka take ci, a bar su su ruɓa a karofi, ko katsin da ya kwanta a ƙasa ba a zubarwa, da shi ake haɗa laso a yi shafe. Karan dafi yana ba da ja, gangamau rawaya, bagaruwa da tsatsar ƙarfe baƙi. Gaskiya ba za su ba ki ruwan hodan nan mai ƙyalli da ake so wa kayan suna ba, kuma gangamau yana koɗewa a rana. Amma shuɗin baba a jikin zaren auduga, ku dube shi nan, ban ga na kanti da ya kama ƙafarsa ba. Farin da ba a rina ba ma yana da kyansa, kuma shi ya fi dacewa da fatar jariri.

Akwai kuma ƙyallayen da teloli da masu ɗinkin babbar riga ke sharewa kullum a cikin birni. Ana iya yayyaga na auduga a inji su koma gashi, a gauraya da sabuwar auduga, tunda gashin nasu ya gajarce ba zai tsaya shi kaɗai ba.

'Yan'uwana masu saƙa, kada in rufe ku. Zaren auduga ya fi akirilik nauyi, ba ya miƙewa ya dawo kamarsa, bakin hula yakan saki in ba a matse saƙar ba, kuma a tsakiyar hunturu bai kai shi ɗumi ba. A farkon tafiya ma zai fi shi tsada. Sai dai sanyinmu wata uku ne, sauran shekara zafi ne, lokacin da jariri ke yin ƙuraje a cikin rigar roba. Jaka, mayafin goyo, rigar bazara, shimfiɗar tebur, duk auduga ta fi.

Wannan safar da nake riƙe da ita abawa ce, sili uku, na tufke da hannu, na dafa, aka tsoma mini ita a baba. Na wanke ta sau uku ba ta karkace ba. Kaurin dai bai daidaita ba, ga inda ya kumbura a wajen dunduniya. Zan ba maƙwabciyata ta sa wa ɗanta wannan hunturun, in sanyi ya wuce in kawo muku ita mu duba tare.