Eminent ko Imminent? Harafin da ke Mayar da Babban Baƙo Abin Fargaba

Ku ɗauki misalin wani katin gayyatar taro da aka rubuta da Turanci. Masu taron sun so su ce manyan mutane za su halarta, amma suka rubuta imminent personalities, wanda hakan ya mayar da baƙin nasu wasu abubuwa da ke dab da afka wa jama'a. Kuskuren yana yawan fitowa a katunan biki da allunan taro, har da jawaban maraba, kuma kalmar da ake nufi a duk waɗannan wurare ita ce eminent.

Eminent sifa ce ta Turanci da ake ba wanda ya yi fice a wani fanni, kuma mutanen wannan fanni suka sallama masa. Za ku ji an ce eminent scholar ga gawurtaccen malami, ko eminent jurist ga masanin shari'a da ake komawa ga ra'ayinsa, ko eminent surgeon ga likitan tiyata da takwarorinsa ke girmamawa. Shahara kaɗai ba ta isa ba. Ƙasurgumin ɗan fashi yana iya zama sananne a duk faɗin ƙasa, amma babu Baturen da zai kira shi eminent, domin kalmar tana ɗauke da mutunci da girmamawa. A ganina ma, masu gabatar da taro da ke liƙa ta ga duk wanda ya zauna a kujerar gaba suna rage mata daraja ne kawai.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe, kuma a nan za mu ɗan dakata. Kalmomin biyu daga Latin suka fito. Eminent ta samo asali daga eminere, wato ɗagowa sama a zarce abin da ke kewaye, kamar yadda Dutsen Dala ya ɗago a tsakiyar gidajen birnin Kano, ana hango shi daga nesa. Shi ya sa a Turancin littattafai ake kiran tudu da eminence. Ita kuwa imminent daga imminere ta fito, wato abin da ya rankwafo a saman kan mutum yana shirin faɗowa. Saboda haka ta farko tana magana ne a kan matsayi, ta biyu kuma a kan lokaci. Idan hadari ya haɗu, iska ta taso, sai a ce rain is imminent, domin ruwa na dab da sauka. Idan jami'an tsaro suka yi gargaɗin imminent attack, suna nufin harin ya kusa ƙwarai, ba wai harin yana da martaba ba. Mafi yawan lokuta abin tsoro take rakiya, kamar haɗari ko yaƙi ko rushewar gini, ko da yake ana iya cewa isowar baƙo ma imminent ce idan motarsa ta riga ta shigo layi.

Kafin ku rubuta ɗaya daga cikinsu, ku tambayi kanku ko jimlar tana amsa "wane ne shi?" ko kuwa "yaushe zai faru?" Idan ta farko ce, ku fara da harafin e, ku sa m guda ɗaya. Idan ta biyu ce, ku fara da i, ku sa m biyu. Kunne ba zai cece ku ba a ko da yaushe, domin a wasu jihohin kudancin ƙasar Amurka ana furta wasulan biyu iri ɗaya idan suka zo kafin m ko n, don haka har masu harshen suna faɗawa wannan rami.

Sauran amfaninta ba su da wahala. Daga eminent aka samu laƙabin His Eminence, wanda Paparoma Urban na Takwas ya tabbatar wa manyan limaman cocin Katolika masu muƙamin Kadinal a shekarar 1630. A Nijeriya, jaridun Turanci suna amfani da shi ga Sarkin Musulmi, wanda mu muke kira Mai Alfarma. Janar Olusegun Obasanjo kuma shi ne wanda tare da tsohon Firaministan Ostiraliya Malcolm Fraser ya jagoranci Eminent Persons Group ta ƙungiyar Commonwealth, tawagar fitattun mutane da ta je Afirka ta Kudu a 1986, har ta gana da Nelson Mandela yana kurkuku.

Akwai kuma eminently, wadda ba ta da ruwa da sarauta ko ilimi, ƙarfafa magana kawai take yi. Idan aka ce mai neman aiki eminently qualified ne, ana nufin ya cancanta matuƙa. Pre-eminent kuwa ita ce ta wanda ya zarce har sauran fitattun.

Wanda ke karanta labaran Amurka zai ci karo da eminent domain, kuma a nan babu wani babban mutum a cikin zancen. Ikon gwamnati ne na karɓar fili ko gidan wani domin aikin amfanin jama'a, kamar hanya ko layin dogo, bisa sharaɗin biyan diyya mai adalci, kamar yadda gyara na biyar na tsarin mulkin ƙasar ya tanada tun 1791. Amurkawa da dama suna rubuta shi imminent domain, wataƙila domin ga wanda katafila ta tsaya a ƙofar gidansa, haka abin yake ji a jikinsa, amma a takardar kotu da e ake rubuta shi.