Björk: rigar da ta danne aikin sama da shekara arba'in

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da aka ambaci Björk, mawaƙiyar ƙasar Aislan, abin da ake fara fito da shi hoton riga ne. Rigar nan mai siffar tsuntsun ruwa mai dogon wuya, wadda ta sa a bikin Oscar na 2001. An fi shekara ashirin ana yi mata dariya a kanta. Haba! Mace ta fitar da faifanta na farko a 1977 tana 'yar yarinya, ta ja ƙungiyar mawaƙa ta Sugarcubes har ta watse a 1992, ta ci lambar gwarzuwar 'yar wasa a bikin fina-finai na Cannes a 2000, amma abin da aka riƙe shi ne tufafinta?

Ba rigar ce kaɗai ke ba ni haushi ba. Babban abin shi ne yadda ake ƙwace mata aikinta ido na ganin ido. Ku ɗauki faifan Vespertine na 2001. Kiɗan da ke cikinsa an gina shi da ƙananan sautuka irin na cikin gida, ƙarar karta idan ana cakuɗa ta, ƙarar ƙanƙara idan ta tsage, an yayyanka su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. A wata hira a 2015 ta ce kashi 80 cikin ɗari na wannan kiɗa ita ta haɗa shi da hannunta, kuma ya ci mata shekara uku. Mutanen Matmos, ƙungiyar makaɗa maza biyu daga Amurka, sun shigo ne daf da ƙarshe. To wa jaridu suka yaba? Mazan. Su kansu Matmos sun sha gyara maganar, ba wanda ya saurare su. A wani wuri ma an rubuta cewa injiniyan da ke ɗaukar sauti ne ya tsara faifan, har sai da ta fito a 2008 ta ƙaryata.

Ita ta yi kiɗanta. Wannan ita ce maganar.

Na san masu cewa ai tana aiki da mutane da yawa, don haka ruɗanin ba laifin kowa ba ne. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Wane namijin mawaƙi ne ba ya da mataimaka? An taɓa cewa yaran makaɗi ne suka yi masa waƙa? Ta gayyaci Toumani Diabaté na Mali ya kaɗa mata kora, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, a faifan Volta na 2007. Ta kira Tanya Tagaq, mai waƙar maƙogwaro ta 'yan ƙabilar Inuit na arewacin Kanada, a Medúlla na 2004, faifan da kusan dukansa muryar ɗan Adam ce, kayan kiɗa kaɗan ne a ciki. Wa ya yi tunanin haɗa waɗannan mutane? Wa ya ce a sa wannan a cire wancan? Ita ce.

Ba na cewa dole kowa ya ji daɗin waƙoƙinta. Wasu suna da wuyar shiga kunne, kuma manhajar waya da ta haɗa da faifan Biophilia a 2011, ina shakkar ko mutane da yawa sun buɗe ta sau biyu. Wanda bai so ba ya ce bai so ba, haƙƙinsa ne. Amma ko zaginta mutum zai yi, ya zage ta a matsayin wadda ta tsara kiɗan, domin ita ta zauna gaban kwamfutar shekara uku.