Me ya sa PhD ke maƙale wa mutane a wajen rubutu?

Assalamu alaikum. Yau maganar tamu da masu neman digirin digirgir ce, musamman ku da kuka gama kwasa-kwasai, aka amince da furofozal, wato tsarin binciken da kuka gabatar, sai kuma tesis, wato kundin binciken, ya tsaya cak. Ba ku kaɗai bane fa. Binciken da ƙungiyar Council of Graduate Schools ta Amurka ta fitar a 2008 ya nuna kusan kashi 57 cikin 100 na ɗaliban PhD ne kawai suka kammala cikin shekara 10.

Toh me ke jawo haka? Yawanci ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, tambayar binciken ce tayi faɗi. Mutum ya ce zai binciki illar soshiyal midiya ga matasa, wannan ai har tsufa ba zai gama ba. Amma in ka ce yadda latsa waya bayan ƙarfe 11 na dare ke shafar barcin ɗaliban aji ɗaya a jami'a guda, nan take ka san wa zaka tambaya, ka san me zaka auna, ka kuma san ranar da zaka ce na gama.

Sai babbar matsalar, wai sai na gama karatu sannan in fara rubutu. Wallahi karatun nan baya ƙarewa, kullum sabbin maƙaloli fitowa suke, kana nan kana tara fayiloli kana jin kamar aiki kake alhali shafi ɗaya baka da shi. Fara da babin hanyar bincike tunda kai ka san abinda kayi da hannunka, gabatarwa kuwa barta sai ƙarshe. Kalma 300 a rana, kwana 5 a sati, cikin sati 40 kana da kalma 60,000. Ko rubutun bai yi kyau ba ka rubuta, gyara yafi sauƙi in akwai abin gyarawa. In zama na maka wuya gwada tsarin Pomodoro, minti 25 kana rubutu waya na wani ɗaki, ka huta minti 5 ka dawo.

Sufabaiza kuma, wato malamin da ke duba aikinka, don Allah kar ka ɓace masa saboda kunyar baka yi komai ba, wata ɗaya zai zama wata shida. Duk zaman da kuka yi, a ranar ka tura masa imel ka jera abinda kuka tsayar da ranar da zaka kawo. In zaka miƙa babi kar kace a duba min kawai, ce masa shafi kaza zuwa kaza hujjar ce nake shakka a kai. Yafi saurin amsawa.

Madogara ka zuba su a Zotero, manhajar tara madogara, tun ranar farko, kyauta ce. Ka ajiye kwafin aikinka a wuri biyu banda laftof ɗinka.

Ranar difens, wato ranar kare tesis ɗinka, mai jarrabawa na waje zai tambaye ka me ka ƙara wanda ba a sani ba, me yasa ka zaɓi wannan hanya, kuma ina bincikenka ya gaza. Ka shirya amsar kowanne a jimla biyu. Galibi da gyare-gyare ake fitowa, ka zauna kansu a satin kafin jikinka ya mutu.