Hotunan da Ke Jikin Firij Ɗinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar injin wanki, a kicin nake yau. Tun da na faɗa muku cewa Auta yana da larurar otizim, wadda a gida ake yawan kira galahanga, saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan tambaya ɗaya ce: yaro ba ya magana, me za a yi masa a gida kafin a kai ga ganin ƙwararru? Ai ko a nan Manchesta sai an bi layi, layin kuma ba gajere ba ne.

Bari in juya kyamara. Kun ga jikin firij ɗin nan? Ga kofi, ga ayaba, ga kunu, ga takalmi, ga banɗaki. Da wayata na ɗauke su, kofinsa ne na gaske, don wanda ya sani ya fi saurin ganewa. Ana kiran tsarin PECS, Andy Bondy da Lori Frost ne suka fito da shi a jihar Delaware ta Amurka a 1985. Yaro ya ciro hoto ya miƙa miki, ke kuma ki ba shi abin nan take, kina faɗin sunansa. Da farko mutum biyu ake buƙata, ɗaya a gabansa riƙe da ayaba, ɗaya a bayansa yana kama masa hannu ba tare da ya ce uffan ba. Darasin a nan shi ne yaro ya gane in ya je wajen mutum ya nema, zai samu. Masu tsoron hoto zai hana yaro buɗe baki, bincike bai nuna haka ba.

Abin da ya fi wuya shi ne jira. Mu iyaye mata, kafin yaro ya motsa mun riga mun san me yake so, mun miƙa masa. To me zai sa ya nema? Ki zuba biskit ɗin a roba mai murfi wadda yake hango cikinta, ki ajiye a gabansa, ki ƙirga goma a zuci. Ko nuni ya yi, ko ya turo miki robar, magana ce, ki amsa masa. Kuma a rage tambayoyi. "Mene ne wannan? Wane launi ne?" duk jarrabawa ce. Ki zauna ƙasa inda yake jera motocinsa, ki ce "mota", "ta tafi", shi ke nan.

Wata 'yar uwa daga Jamus ta ce an ba ta shawarar ta daina yi wa ɗanta Hausa kada ya rikice. 'Yar uwa, kada ki daina. Nazarin da aka yi kan yara masu otizim da ke tashi da harshe biyu bai nuna cewa hakan na ƙara musu jinkiri ba. In kin cire Hausa, da me zai gaisa da kakarsa a waya?

Gaisuwar tamu ma taimako ce babba, domin ba ta canzawa, yaran nan kuwa suna son abin da suka san ƙarshensa. Auta irin masu maimaita magana ne, ka ce masa "ina kwana", ya mayar maka da "ina kwana". Sai muka riƙa yi da yayarsa a gabansa kowace safiya: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya. Yana gefe kamar bai ji ba, ashe yana kwashewa. Yanzu yana amsawa, wani lokaci har ya haɗa tambaya da amsa duka ya sallame ka. Batun kallon ido kuwa, a nan ana lura da shi sosai, a gida kuma sunkuyar da kai shi ne ladabi, shi ya sa wasu iyayen ba sa ganewa da wuri. Ni dai ba na tilasta masa ya kalli kowa.

In za mu taron suna ko Sallar idi, tun dare nake nuna masa hotuna: ga mota, ga masallaci, za a yi hayaniya, sai mu dawo gida. Irin gajeren labarin da wata malama 'yar Amurka, Carol Gray, ta ɓullo da shi ke nan a farkon shekarun 1990. Ina tafiya da abin toshe kunnensa, in ya gaji mu fita, ko ba a ci abinci ba. Masu cewa iska ce, na gode, addu'a kullum muna yi, hotunan ma ba za mu cire ba.

Waɗanda ke Ingila, akwai takardar EHCP, wato tsarin tallafin ilimi da lafiya da kulawa na yaro, da dokar 2014 ta kawo, wadda ke tilasta a ba yaro tallafin da aka rubuta a ciki. Uwa ko uba na iya nema da kansu a ƙaramar hukuma, ba sai makaranta ta nema ba, kuma doka ta ba hukumar mako 20 ta kammala. A bidiyo na gaba zan nuna muku yadda ake rubuta wasiƙar. Sai an jima.